Scaramouche na 1952: fim ɗin takobi da aka tauye wa haƙƙi

Tsohon Ɗan Kallo:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Duk lokacin da hira ta kai mu ga tsofaffin finafinan takobi, sunaye biyu ake ambata a tashi, wato Errol Flynn da Robin Hood ɗinsa na 1938, sai Tyrone Power da Zorro na 1940. Ba na musun cancantarsu, amma akwai fim ɗin da nake ganin an tauye masa haƙƙi, kuma yau na yi niyyar tsaya masa. Shi ne Scaramouche, wanda kamfanin MGM ya fitar a 1952, George Sidney ya ba da umarni, Stewart Granger ya fito a jarumi, Mel Ferrer kuma a abokin gabarsa.

Labarin yana faruwa ne a Faransa gab da juyin juya halin 1789. André Moreau matashi ne da bai san mahaifinsa ba, illa dai wani lauya yana miƙa masa kuɗin kashewa daga hannun wani mai sarauta da ya ɓoye sunansa. Ba ruwansa da siyasa, ba ruwansa da takobi, abin da ya sa a gaba shi ne nishaɗi da neman wata 'yar wasan kwaikwayo mai suna Lenore. Amininsa Philippe, wanda suka tashi a gida ɗaya, shi ne mai zafin ra'ayi, yana rubuta takardun zaburar da talakawa a ɓoye da sunan Marcus Brutus. Sarauniya Marie Antoinette ta ɗora wa ɗan uwanta Marquis de Maynes, wanda babu kamarsa a takobi duk faɗin ƙasar, aikin gano marubucin. De Maynes ya tsokani Philippe har ya ja shi ga fito-na-fito, ya gama wulaƙanta shi, sannan ya soke shi har lahira a gaban idon André. André ya ɗauki takobi ya afka masa cikin fushi, aka kunyata shi nan take, da ƙyar ya tsira da ransa.

Daga nan ne fim ɗin ya rabu da takwarorinsa. Robin Hood na Flynn tun fitowarsa ta farko gwani ne, ba a taɓa nuna mana inda ya koya ba, kuma ba mu taɓa jin tsoron za a kayar da shi ba. Shi kuwa André bai iya komai ba. Dole ya ɓuya cikin wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari, ya rufe fuskarsa ya zama ɗan barkwancin da ake kira Scaramouche, yana ba mutane dariya da daddare, da rana kuma yana zuwa a ɓoye wurin Doutreval, malamin da ya koya wa de Maynes takobi. Ko bayan wannan karatun, da suka sake haɗuwa an sake cin galabarsa. Sai malamin ya tura shi Paris wurin nasa malamin, Perigore. Saboda haka lokacin da aka zo karon ƙarshe, mai kallo ya riga ya san gumin da aka zubar kafin a kai wurin. Wannan ne dalilin da ya sa nake fifita shi, kuma ina son in ji ko akwai mai ja.

Ɗan Fagge:

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma, ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na kalli wannan fim a talabijin ina yaro, ban ma riƙe sunansa ba, sai da na girma na gane shi ta wurin rigar jarumin mai ratsin baƙi da fari. Na yarda da kai a kan batun koyo, musamman inda Doutreval yake gaya wa André cewa takobi kamar tsuntsu yake a hannu, idan ka matse shi da yawa ka shaƙe shi, idan ka sassauta ya tashi ya bar ka. Wannan nasihar ta zauna mini a kai fiye da duk wani sara da suka da ke cikin fim ɗin.

Sai dai ina da ƙorafi a kan Granger. An haife shi a Landan a 1913, ke nan ya kusa shekara arba'in lokacin da aka ɗauki fim ɗin, amma ana so mu ɗauke shi a matsayin saurayin da bai san inda ke masa ciwo ba. A rabin farko dariyarsa da rawar kansa sun yi mini yawa. Ina ganin ya fi dacewa da rawar da ya taka a King Solomon's Mines na 1950, wanda aka ɗauka a gabashin Afirka da Kwango, inda ya fito a dattijon maharbi mai nutsuwa.

Tsohon Ɗan Kallo:

Ɗana, rawar kan da kake ƙorafi a kai ita ce ginshiƙin labarin. Idan ba a nuna maka mutumin da ya ɗauki duniya wasa ba, ba za ka ji nauyin ranar da wasan ya ƙare masa ba. Ka sake duba fuskarsa bayan mutuwar Philippe, ka duba kuma yadda dariyar ta koma sana'a da mafaka, yana yin ta a bayan abin rufe fuska alhali zuciyarsa tana wani wuri. Shekarunsa kuwa, ni a wurina sun taimaka, domin yaro ɗan ashirin ba zai iya ɗaukar rabin ƙarshe na fim ɗin ba, inda ake bukatar mutum mai cika ido ya tsaya a gaban majalisa.

Mai Kyamara:

Ina gaida Baba da sauran manya. Ni sana'ata ɗaukar hoton bidiyo ce, saboda haka bari in yi magana a kan abin da na fi sani, wato faɗan ƙarshe a gidan wasan kwaikwayo. Ya haura minti shida, kuma shekaru da dama ana ambatonsa a cikin mafi tsawon faɗan takobi da aka taɓa ɗauka a fim. Amma ba tsawon ne abin mamaki ba, abin mamaki shi ne ba ya gundurar mutum, kuma dalilin haka shi ne wurin faɗan yana canzawa a kai a kai. André yana kan dandamali cikin kayan wasa ya hango de Maynes a benen manyan baƙi, ya kama igiya ya haye wurinsa. Suka yi ta karawa a kan gefen benen, inda kuskure ɗaya zai jefa mutum ƙasa, suka fita baranda, suka gangaro ta babbar matakala, suka shiga cikin kujerun 'yan kallo suna takawa a kan bayan kujerun, suka ratsa bayan labule cikin igiyoyi da kayan ado na wasa, suka ƙare a kan dandamalin da aka faro. Kowane wuri yana zuwa da irin nasa haɗarin, kuma kowanne yana tilasta musu canza salon faɗa.

Abu na biyu shi ne inda aka ajiye kyamara. Charles Rosher, wanda ya ɗauki fim ɗin, tsohon hannu ne tun zamanin finafinan da ba a magana, yana cikin mutum biyun da suka fara karɓar kyautar Oscar ta ɗaukar hoto saboda fim ɗin Sunrise na 1927. Ya ja kyamara baya ya bar mu muna ganin mutanen biyu tun daga kai har ƙafa, ba a yawan yanka hoton. Wanda duk ya taɓa ɗaukar faɗa ya san cewa yawan yanka hoto hanya ce ta ɓoye gazawar 'yan wasa, kuma da yawa daga finafinan faɗa na yanzu da ita suke fakewa, ka ga hannu, ka ga fuska, ka ji ƙara, amma ba ka san wa ke ina ba. A nan babu wurin ɓuya. Granger ya koyi takobi a hannun Jean Heremans, gwanin takobi ɗan ƙasar Beljiyam, kuma mafi yawan tsalle-tsallen da kansa ya yi su. Shi kuma Ferrer asalinsa ɗan rawa ne a dandamalin Broadway, shi ya sa takunsa yake da laushi da tsari, abin da ya dace da mai sarautar da ya ɗauki kisa a matsayin ado.

Abu na uku, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne an ɗauke kiɗa. Victor Young ya yi wa fim ɗin kiɗa mai daɗi, amma da faɗan ya kankama sai aka bar mu da ƙarar ƙarfe da takun ƙafa da salatin 'yan kallo. Wannan shawara ce ta wanda ya amince da abin da ya ɗauka.

Ɗan Fagge:

Malam Mai Kyamara, ka yi bayani mai gamsarwa. Abin da zan ƙara shi ne George Sidney mutum ne da ya yi suna a finafinan rawa da waƙa, irin su Anchors Aweigh na 1945 da Show Boat na 1951, kuma shi ne ya ba da umarnin The Three Musketeers na 1948 inda Gene Kelly, wanda shi ma ɗan rawa ne, ya riƙe takobi. Wanda ya saba ɗaukar rawa ya san cewa ba a yanke wa mai rawa ƙafafu a hoto. Ina ganin daga nan wannan tsarin ya samo asali.

Malamar Tarihi:

Ina gaida Baba da sauran 'yan uwa. Ban zo in musa kyawun faɗan ba, amma ni ina da babban ƙorafi, kuma ƙorafina a kan abin da fim ɗin ya yi wa juyin juya halin Faransa ne. An ɗauko ɗaya daga cikin manyan al'amuran da suka girgiza duniya an mayar da shi labulen ado a bayan rigimar mutum biyu. Ina yunwar da ta addabi Paris a 1789, lokacin da burodi ya gagari talaka? Ina harajin da ya danne manoma alhali masu sarauta da manyan limaman coci sun kuɓuta daga mafi yawansa? Ina faɗuwar kurkukun Bastille ranar 14 ga Yuli? Talakawan da Philippe ya mutu dominsu da ƙyar muke ganin fuskokinsu. Ita kuma Marie Antoinette, wadda Nina Foch ta fito a matsayinta, an nuna ta tana shirya aure tana raha, babu wata alama da ke nuna cewa a watan Oktoba na 1793 za a fille mata kai.

Littafin da aka ɗauko labarin daga cikinsa bai yi wannan sakacin ba. Rafael Sabatini ya wallafa shi a 1921, kuma André na cikin littafin lauya ne mai kaifin harshe, wanda bai yarda da aƙidar amininsa ba, amma bayan an kashe aminin sai ya yi rantsuwa cewa muryar da aka so a kashe za ta ci gaba da magana ta bakinsa. Ya tafi Rennes da Nantes ya tunzura jama'a da jawabin da shi kansa bai gama gaskatawa ba. Wannan ita ce zuciyar littafin, wato tambayar ko mutum zai iya yi wa gaskiya hidima alhali fansa ce ta tura shi. Fim ɗin ya cire harshen ya bar takobin.

Tsohon Ɗan Kallo:

Malama, Allah ya ƙara ilimi. Maganarki tana da nauyi, kuma ba zan ce fim ɗin darasin tarihi ba ne. Amma ina roƙonki ki yi masa adalci a kan fitowar majalisa. A can an nuna yadda masu sarauta, waɗanda suka tashi da takobi a hannu tun suna yara, suke tsokanar wakilan talakawa ɗaya bayan ɗaya, su mare su, su ja su filin fito-na-fito da asuba, su kashe su da sunan kare mutunci. Wakilan kuwa lauyoyi ne da likitoci da 'yan kasuwa, ba su san kan takobi ba. Wannan ne ya sa Dakta Dubuque ya nemi André ya shiga majalisa, domin a samu wanda zai tsaya musu. Ni ban san wata hanya da ta fi wannan sauƙi ba wajen nuna wa mai kallo yadda gata yake zama makami, yadda kuma doka da al'ada suke halatta wa mai ƙarfi kisan da ba za a tuhume shi ba.

Malamar Tarihi:

Baba, a wannan na ba ka gaskiya, kuma zan ƙara da cewa abin yana da tushe. A 1790 an yi irin wannan fito-na-fito tsakanin 'yan majalisar Faransa da gaske. Barnave, ɗaya daga cikin manyan masu magana na ɓangaren sauyi, ya kara da Cazalès na ɓangaren sarauta, sannan a watan Nuwamba na shekarar Charles de Lameth ya kara da Duc de Castries aka ji wa Lameth rauni, abin da ya fusata mutanen Paris har suka afka gidan Castries suka yi kaca-kaca da kayansa. Amma ka ga bambancin da nake nufi? A tarihi jama'a ce ta tashi ta mayar da martani. A fim ɗin kuwa mutum ɗaya ne ya zo ya raba gardama da tsinin takobinsa, jama'a suna kallo suna tafi. Fim ɗin an yi shi ne a Amurka ta 1952, lokacin da ake farautar duk wanda ake zargi da ra'ayin kwaminisanci a masana'antar fim, kuma ni a ganina wannan yanayin ba zai bar babban kamfani ya nuna talakawa suna ƙwatar haƙƙinsu da hannunsu ba.

'Yar Zariya:

Ina wuni, Baba. Yaya Malama, ina biye da ke, amma ku ba ni dama in kawo wadda ba a ambata ba tun da aka fara, alhali ita ce ran fim ɗin. Ina nufin Eleanor Parker, wadda ta fito a Lenore. Mutane da yawa sun san ta ne kawai da rawar da ta taka a The Sound of Music na 1965, ba su san cewa sau uku aka sa sunanta cikin masu neman kyautar Oscar ba. A wannan fim ɗin ta fito da jan gashi, mai faɗa, mai kishi, mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma duk fitowar da take ciki sai ta cinye ta. Ita ce ta rufa wa André asiri lokacin da ake nemansa ruwa a jallo, ita ce ta san abin da ke ƙarƙashin abin rufe fuskar, ita ce ta jure rashin cika alkawarinsa. Da ta ga ransa yana cikin haɗari, ta ajiye kishi ta haɗa kai da Aline, kishiyarta a soyayya, suka yi ta ƙulla dabarun nisanta de Maynes daga Paris don kada mutanen biyu su haɗu.

Bayan duk wannan, wa ya aura? Aline, 'yar masu sarauta. Ba na ƙin Janet Leigh, ta yi kyau kuma ta yi abin da aka ba ta, amma Aline ba ta sha wahalar komai dominsa ba idan aka kwatanta da Lenore. Abin ya daɗe yana ci mini rai, domin fim ɗin da ya buɗe da kiran daidaito tsakanin mutane ya rufe da cewa 'yar wasan kwaikwayo ta dace da zaman daɗi amma ba ta dace da aure ba. Haɗa ta da aka yi a ƙarshe da wani ƙaramin hafsan soja ɗan tsibirin Corsica, wanda mai kallo zai gane Napoleon ne, abin dariya ne mai kyau, amma bai biya ta bashin da take bi ba.

Ɗan Damagaram:

Salamu alaikum. Hajiya, maganarki gaskiya ce, kuma tana da alaƙa da matsayin 'yan wasan kwaikwayo a Faransa ta wancan zamani. Coci ba ta ɗauke su mutanen kirki ba, har takan hana su jana'iza irin ta sauran Kiristoci idan ba su tuba daga sana'ar ba kafin mutuwa, kuma sai a ƙarshen 1789 majalisa ta ba su cikakken 'yancin 'yan ƙasa. Saboda haka mutumin da ya shiga cikinsu ya sauka ƙasa ƙwarai a idon jama'a, kuma wannan ne ya sa wurin ya zama mafaka mai kyau ga André, domin babu mai neman ɗan manyan mutane a can.

Irin wasan da ƙungiyar Binet, wadda André ya ɓuya a cikinta, take yi a fim ɗin asalinsa daga Italiya yake. Kowane ɗan wasa yana da hali guda da ya riƙe da kayan da aka san shi da su, akwai tsoho marowaci, akwai bawa mai wayo, akwai masoya, kuma mafi yawan maganar a nan take ake ƙirƙiro ta, kusan yadda 'yan kama suke yi a wurinmu. Scaramouche shi ne mai cika baki da kurin jarumta, wanda idan faɗa ya tashi shi ne farkon gudu. Wanda ya fi shahara da wannan rawar shi ne Tiberio Fiorilli, wanda ya yi tashe a Paris a zamanin Sarki Louis na 14, har ƙungiyarsa ta yi tarayya da ta Molière, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Faransa, a gidan wasa ɗaya. To ku duba hikimar labarin, mutumin da yake shirin zama gwanin takobi na ƙasa ya ɓuya a cikin rigar matsoraci, yana tsokanar faɗa yana gudu kowane dare a gaban jama'a, kuma a cikin wannan rigar ce daga ƙarshe ya tsaya ya ƙi gudu.

Ɗan Fagge:

Tun da Hajiya ta riga ta buɗe ƙarshen labarin, wanda bai kalla ba ya yi haƙuri ya tsallake wannan. Baba, ga inda nake ganin fim ɗin ya yi rauni. André ya yi nasara, ya sa tsinin takobi a ƙirjin de Maynes, sai hannunsa ya ƙi. Daga baya aka gaya masa cewa mahaifinsa ba Gavrillac, uban Aline, ba ne kamar yadda ya zata, tsohon Marquis de Maynes ne, ke nan wanda ya ƙyale yayansa ne ko ƙanensa uba ɗaya, Aline kuma ba 'yar uwarsa ba ce, aure ya halatta. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun ga irin wannan har mun gaji, 'yan uwa su rabu tun suna yara, jini ya gane jini a minti na ƙarshe. Bayani ɗaya ya warware matsala biyu a lokaci guda, kuma wannan sauƙin ya yi yawa. Sannan ina haƙƙin Philippe? An kashe shi da gangan, wanda ya kashe shi ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi gida.

Tsohon Ɗan Kallo:

Ɗana, ka lura da jerin abubuwan. André ya sauke takobinsa ne kafin ya san komai game da jini. Ya jefar da shi ya fita yana zargin kansa da cin amanar amininsa. Ni ban taɓa ɗaukar cewa jini ne ya riƙe masa hannu ba, ko da fim ɗin ya so mu fahimci haka. Abin da nake gani shi ne mutum ya shafe watanni yana koyon yadda zai kai ga wannan lokacin, ya koyi komai na de Maynes, ya bi ta hannun malaminsa har ya wuce zuwa malamin malaminsa, amma akwai abu ɗaya da ba a koya masa ba, wato soke mutumin da babu makami a hannunsa yana kallonsa ido cikin ido. Wannan shi ne abin da de Maynes ya yi wa Philippe, kuma da André ya yi shi, da ya zama shi.

Sannan ka duba wanda aka ɗora wa faɗar gaskiyar. Georges de Valmorin ne, mahaifin Philippe, mutumin da ya fi kowa haƙƙin neman jinin. Shi ne ya zaunar da yaron da ya riƙa ya kwantar masa da hankali a kan ƙyale wanda ya kashe masa ɗa. Duk lokacin da na kai wannan fitowar sai na ji ta fi faɗan taɓa ni.

Malamar Tarihi:

Baba, akwai abin da zai ƙara wa wannan fitowar nauyi a wurinka. Dattijon da ya fito a mahaifin Philippe shi ne Lewis Stone, kuma a fim ɗin Scaramouche na farko, wanda Rex Ingram ya yi a 1923 lokacin da ba a fara magana a fim ba, shi ne ya fito a mugun mai sarautar da ya kashe Philippe. Bayan shekara 29 aka dawo da shi ya zama uban wanda ya kashe. Ya rasu a 1953, shekara guda bayan fitowar fim ɗin.

Amma ina tare da ƙanena Ɗan Fagge a kan raunin bayanin. A littafin Sabatini mugun ba ɗan uwan André ba ne, mahaifinsa ne, kuma wannan ya fi ɗaci nesa ba kusa ba, domin yana nufin tsarin da André yake yaƙa shi ne ya haife shi ya kuma yasar da shi. Mayar da shi ɗan uwa ya rage zafin, wataƙila don Granger da Ferrer kusan sa'o'in juna ne, kuma faɗan minti shida yana bukatar ƙarfafa biyu.

Mai Kyamara:

Baba, saura tambayar da ka faro da ita ba a amsa ba, wato me ya sa aka manta da shi. Ba don ya faɗi a kasuwa ba ne, domin ya samu karɓuwa a lokacinsa, har a shekarar MGM ta sake fitar da Granger a wani fim ɗin takobi, The Prisoner of Zenda, tare da James Mason da Deborah Kerr. A fahimtata ya zo ne a ƙarshen zamani. Talabijin tana janye mutane daga silima, kuma a 1953 aka shigo da faffaɗan majigi na CinemaScope, kamfanoni suka koma yin manyan finafinan tarihi masu dubban mutane. Sannan idan aka ce MGM da 1952, abin da ke zuwa wa masana a rai shi ne Singin' in the Rain. Shi kansa Sabatini, wanda ya rasu a 1950 bai ga wannan fim ɗin ba, an fi tunawa da shi ta Captain Blood, littafin da aka mayar fim a 1935 ya ɗaga Errol Flynn. Sunan Flynn ya zama tambarin irin waɗannan finafinan gaba ɗaya, wanda duk ya zo bayansa a inuwarsa ya zauna.

'Yar Zariya:

Yaya Malama, tun da kin ambaci na 1923, shin ya fi wannan riƙe amanar littafin? Idan har ya nuna jama'ar da kike cewa an ɓoye, zan neme shi, ko da yake ban saba zama kallon fim ɗin da ba a magana ba.

Malamar Tarihi:

Ya fi shi nesa, ƙanwata. Ramon Novarro ne ya fito a André, Alice Terry kuma a Aline, kuma Ingram ya bi labarin har zuwa watan Agusta na 1792, lokacin da mutanen Paris suka afka fadar Tuileries sarauta ta faɗi. A can za ki ga taron jama'a ya cika majigi, za ki ga Danton, ɗaya daga cikin jagororin juyin juya halin, za ki ga tsoron da ya kama masu sarauta da aka rufe ƙofofin birni suna neman hanyar fita, kuma a cikin wannan ruɗanin ne André yake gano iyayensa. Ba shi da faɗan da zai kama ƙafar na gidan wasan kwaikwayo, kuma 'yar wasan da ke cikinsa ba ta kai Lenore kirki ba, saboda haka kada ki je da fatan za a rama mata a can. Baba, idan ka samu dama ka kalle shi, ina son in ji ko za ka ci gaba da cewa fitowar majalisa ta wadatar.